Sheƙi da Kauri: Waiwaye a kan Gugar Fentin Mota da Shafa Masa Kaki

Tambayar da masu mota ke yawan yi wa masu fenti da masu wanki, wato sau nawa ya kamata a ɗora wa jikin mota injin guga kuma sau nawa ya kamata a shafa mata kaki, tambaya ce da amsarta ta sauya a cikin shekaru 50 da suka wuce, ko da yake al'adar da mutane suka gada ba ta sauya tare da ita ba. Dalili kuwa shi ne fentin da ke jikin motar yau ba irin wanda ke jikin motar shekarun 1960 ko 1970 ba ne, domin sinadaransa daban ne, yadda ake shimfiɗa shi daban ne, kuma yadda yake tsufa har ya mutu ma daban ne. Wanda ya koyi kula da mota a hannun tsohon direban gwamnati, aka horar da shi cewa mota sai da guga kuma hannu ba ya yi mata yawa, ya koyi gaskiya, sai dai gaskiyar wani zamani ce da ta shuɗe tare da fentin da ta dace da shi.

A farkon ƙarni na 20 masu ƙera motoci sun gaji hanyar fenti daga masu ƙera keken doki, inda ake shafa launi da man sheƙi da burushi, shafi bayan shafi, ana jiran kowanne ya bushe, har aikin mota guda ya kan ci makonni. Kamfanin Ford kuwa ya tsaya a kan baƙin fenti, inda daga 1914 zuwa 1925 motarsa Model T baƙa kawai ake fitarwa. Babban sauyi ya zo ne lokacin da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fenti mai suna Duco, wanda aka haɗa da naitiroselulos, wato zaren tsiro irin na auduga da aka sarrafa da asid, kuma kamfanin General Motors ya fara amfani da shi a motar Oakland ta 1924. Wannan fenti feshinsa ake yi, yana bushewa cikin sa'o'i maimakon makonni, amma yana fitowa a dushe, don haka sai an bi shi da guga kafin ya yi ƙyalli. Ke nan tun daga masana'anta guga wani ɓangare ne na fentin kansa, kuma daga nan ne tunanin cewa sheƙin mota daga gogewa yake zuwa ya samo tushe.

Daga shekarun 1930 aka shiga yayin fentin inamel, wanda ke bushewa da sheƙinsa ba tare da an goge shi ba, sannan a shekarun 1950 da 1960 aka samu nau'o'in akirilik masu jure rana fiye da na baya. Abin da ya haɗa dukkan waɗannan shi ne launi da sheƙi suna cikin shafi guda, wato garin launi yana cakuɗe da danƙon da ke riƙe shi tun daga sama har ƙasa. Idan rana da iska suka daɗe suna dukan irin wannan fenti, danƙon saman ya kan ruɓe ya saki garin launin, sai a ga jar mota ta koɗe ta yi fari-fari, idan aka shafa hannu a jikinta launin ya biyo tafin hannu. Maganin wannan cuta shi ne a sa man guga mai ɗan kaushi a kankare mataccen saman, sai sabon launi ya bayyana daga ƙarƙashi. Irin wannan fenti ne a jikin mafi yawan motocin da suka cika titunan Arewa a zamanin da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, lokacin da 504 ta zama motar ma'aikata da 'yan kasuwa da ofisoshin gwamnati. Direban da ke goge motar maigidansa a kai a kai a wancan lokaci yana da hujja, domin fentin yana koɗewa da sauri kuma guga na farfaɗo da shi a gaban ido. Fiye da haka, fentin yana yi wa mai guga gargaɗi, tun da launin da ke manne wa tsumma yana nuna masa cewa wani abu yake cirewa, kuma hannun mutum ba ya cire abu mai yawa a zama guda.

Kaki kuwa aikinsa daban ne tun asali, domin shi ƙari ne a kan fenti, ba ragi ba. Mafi shaharar kakin mota shi ne karnauba, wanda ake kaɗowa daga busassun ganyen wani nau'in giginya da ke tsiro a arewa maso gabashin Barazil, musamman a jihohin Piauí da Ceará, kuma an fifita shi saboda taurinsa da juriyarsa ga zafi, ganin cewa ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Selshiyos, alhali kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63. Kamfanoni irin su Simoniz da Turtle Wax, waɗanda duka suka tashi a birnin Chicago, su ne suka yaɗa shi a duniya cikin gwangwani. Sai dai kasancewar tsohon fenti na buƙatar a kankare masa mataccen sama kafin a rufe shi, 'yan kasuwa suka riƙa haɗa garin guga mai laushi da kaki a gwangwani ɗaya, ta yadda shafa guda za ta goge kuma ta rufe. Wannan haɗi ya sauƙaƙa aiki, amma ya bar gadon ruɗani da har yau ake fama da shi, domin mutane da yawa sun taso ba su bambanta aikin da ke cin fenti da aikin da ke kāre shi ba, duka biyun folish suke kiran su.

Juyin da ya sauya komai ya fara ne a Turai a shekarun 1970, ya bazu a shekarun 1980, har zuwa farkon shekarun 1990 ya zama shi ne hanyar da mafi yawan masana'antu ke bi. An raba aikin fenti gida biyu, aka sa launi a shafi na ƙasa mai sirantaka wanda ba shi da sheƙi ko kaɗan, sannan aka rufe shi da wani shafi garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Abubuwa biyu ne suka tura masana'antu ga wannan hanya. Na farko shi ne son launuka masu ƙyalƙyalin ƙarfe, waɗanda ɓarɓashin alminiyon da ke cikinsu ke lalacewa idan ya fuskanci iska kai tsaye, na biyu kuma dokokin kare muhalli a Amurka da Turai da suka tilasta rage sinadaran tsinka fenti masu tashi sama su gurɓata iska, abin da daga baya ya kai ga launukan da ake damawa da ruwa. Motar yau tana da shafi huɗu a bisa ƙarfenta. Akwai na hana tsatsa, wanda ake manna shi ta hanyar tsoma gangar jikin a kwatami mai ɗauke da wutar lantarki, akwai firaima mai daidaita fuska, akwai launi, sannan kiliya a sama. Ana auna kaurinsu da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma jimillar shafukan huɗu a motar da ta fito daga masana'anta ta kan kama daga kimanin maikuron 100 zuwa 180, inda kiliya kaɗai ke ɗaukar kimanin 35 zuwa 50. Takardar ofis ta yau da kullum kaurinta ya kai kusan maikuron 100, ma'ana duk abin da mai guga ke da ikon taɓawa bai wuce rabin kaurin falle ɗaya ba.

Wannan siririn shafi shi ne ke ɗauke da sheƙi, kuma shi ne ke ɗauke da sinadaran da ke tsotse wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, wanda shi ne ke ruɓar da danƙon fenti. Idan kiliya ta yi siranta fiye da kima, wannan haske ya kan ratsa ta ya raunana mahaɗarta da launin da ke ƙasa, sai a fara ganin farin hazo a rufin mota da bonet da saman but, daga baya wurin ya tsattsage ya riƙa ɓarewa. A nan ne bambanci mafi girma tsakanin jiya da yau yake, domin tsohon fenti idan ya koɗe ana iya farfaɗo da shi, amma kiliya idan ta mutu babu man guga ko kaki da zai dawo da ita, sai dai a kankare wurin a sake feshi. Kuma ba ta yin gargaɗi, tun da ba ta da launi, don haka soson inji ba ya nuna komai yayin da yake cin ta, kuma ranar da aka ga launin mota a jikin soso to an riga an huda ta. Har yanzu akan samu motoci masu fentin shafi guda, musamman fararen motocin aiki da waɗanda aka yi wa feshi mai araha, kuma ana gane su ta hanyar ɗiga man guga a ƙyalle a murza a wani lungu da ba a gani, idan launi ya biyo ƙyallen to babu kiliya a kai.

Ya kamata a fahimci abin da guga ke yi, domin da yawa sun ɗauka cike zane yake yi. Zane a jikin fenti rami ne mai gefe mai kaifi, kuma ido na ganinsa ne saboda gefen yana watsa haske. Man guga kuwa gari ne mai tauri, galibi na alminiyon oksayid, da aka dama da mai, kuma aikinsa shi ne ya cinye fentin da ke kewaye da ramin har fuskar ta sauko daidai da gindinsa. Lamarin daidai yake da wasa wuƙa a dutse, inda kaifi ke samuwa ta hanyar asarar ƙarfe, kuma wuƙar da ake wasawa kullum ita ce ke riga sauran ƙarewa. Guga mai laushi na ƙarshe ya kan ɗauke kimanin maikuron 1 zuwa 2, mai kaushi da soson gashin tumaki ya kan ɗauke 3 zuwa 5 ko fiye, samfefa da ruwa kuwa ta fi su duka ci. Ƙa'idar da masana fenti suka fi yarda da ita ita ce kada a cire fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin kiliya a tsawon rayuwar mota, wanda a kiliya mai maikuron 40 ya kama kusan maikuron 10 ke nan. Lissafin ba ya buƙatar dogon bayani. Motar da ake yi wa guga mai kaushi za ta cinye rabonta a karo biyu ko uku, wadda ake ɗora wa inji kowane wata kuwa, ko da mai laushi ne, za ta iya ƙarar da shi kafin shekara ta zagayo. Hausawa sun yi gargaɗi a kan neman gira da ke jawo asarar ido, kuma samun wurin da maganar ta fi dacewa da wannan zai yi wuya.

Su ma injinan sun sauya, kuma sauyinsu yana da fuska biyu. Tsohon injin guga mai juyi ɗaya ne, faifansa na zagaye a kan ƙusa guda da gudu mai yawa, yana tara zafi a wuri ɗaya, ta yadda idan mai riƙe da shi ya tsaya na 'yan daƙiƙoƙi a kan kaifin fenda ko bakin ƙofa, inda fenti ya fi siranta, zai ƙona wurin har firaima ta leƙo. Saboda wannan haɗari injin ya kasance kayan ƙwararru, mai mota ba ya kusantarsa. A shekarun 1990 masu sha'awar mota a Amurka suka fara amfani da wani inji na kamfanin Porter-Cable wanda asalin tsarinsa na goge katako ne, faifansa na juyawa yana kuma karkarwa a lokaci guda, don haka ba ya tara zafi kuma ya kan tsaya idan aka danna shi da ƙarfi. Daga baya kamfanin Rupes na Italiya ya fito da irinsa mai faɗin karkarwa har milimita 21, mai sauri a aiki, sannan kwaikwayonsa masu araha suka cika kasuwa. Alherin wannan a bayyane yake, domin ƙona fenti ya ragu ƙwarai. Amma sauƙin ya haifar da wata ɓarna mai tafiyar hawainiya, tun da wanda ba ya tsoron inji ya kan yawaita ɗora shi, kuma abin da ake asara a tashi ɗaya a da yanzu ana asararsa kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya lura ba. A garejoji da wuraren wanki da yawa kuma har yau tsohon injin ne ke aiki, a tsakar rana, a kan ƙarfe mai zafi, da soso guda da ya bi motoci da dama ba a wanke shi ba, wanda shi ne haɗuwar kayan aikin jiya da fentin yau a mafi munin siffarta.

A ƙasar Hausa akwai wani dalili na ƙarin taka-tsantsan, wanda ya samo asali daga tarihin kasuwar mota. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, kasuwa ta koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, da yawansu ta tashar Kwatano, wasu su bi ta Maraɗi da sauran garuruwan iyaka, kafin gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Motar da ta shekara 10 ko 15 a wata ƙasa kafin ta iso ta riga ta kashe wani ɓangare na kiliyarta a hannun masu ita na baya, sannan dillali ya kan sa a yi mata guga mai kaushi domin ta ɗauki ido a filin sayarwa, wani lokaci a bi ta da man da ke cike zane na ɗan lokaci wanda wanki biyu ko uku ke tafiya da shi. Mai saye yana alfahari da cewa motarsa fes bodi ce, wato fentinta na masana'anta ne ba a taɓa sakewa ba, kuma yana da gaskiya domin hakan na ƙara mata daraja a kasuwa, amma abin takaici shi ne sau da yawa wannan alfahari ne ke sa shi yawan kai ta guga har ya hallaka abin da yake taƙama da shi. Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, wadda ke aiki da maganaɗisu a kan ƙarfe da wata dabarar lantarki a kan alminiyon, kuma ita ce ya kamata ta riga inji taɓa mota. Idan ta nuna ƙasa da kimanin maikuron 80, hikima ita ce a bar inji a yi haƙuri da zanen, idan ta haura 300 akasari an sake feshi, idan kuwa ta doshi 1,000 to akwai bodi fila, wato abin cike lotsawar jikin mota, a ƙasa. Na'urar jimillar shafuka take aunawa, ba kiliya kaɗai ba, shi ya sa ƙwararru ke gwada adadin jikin ƙofa da na cikin dokin ƙofa, inda kiliya ba ta da yawa, domin su ƙiyasta abin da ya saura.

Sai dai tushen matsalar ba a wurin guga yake ba, a wurin wanki yake, kuma a nan yanayin ƙasa ya shigo da ƙarfinsa. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Maris tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne kuma ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya. Wannan ƙura, duk da laushinta a hannu, tana ɗauke da ɓarɓashin silika, wato sinadarin yashi, wanda ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Yaron gida ko maigadi da ke kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya, da kyakkyawar niyya, yana jan wannan ɓarɓashi ne a kan fenti, kuma siraran zane masu zagaye da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta daga nan suke fitowa. Haka nan mai wankin da ke tsoma soso a bokiti ɗaya tun daga taya har rufi yana mayar wa jikin motar yashin da ya ɗebo daga ƙasanta, omon wanki kuma da ake zubawa a ruwan yana da kaifin da ke wanke kaki tas a 'yan lokuta kaɗan. Ruwan burtsatse mai gishirin ƙasa idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi ya kan bar tabo mai cin kiliya, kashin tsuntsu da na jemage a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro kuma ya kan ƙona wurin cikin yini guda na bazara. Duk waɗannan su ne ke kai mota wurin mai inji, don haka wanda ya gyara wankinsa ya rage buƙatar guga da kansa. Gyaran kuwa ba mai tsada ba ne, domin bai wuce a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙura kafin hannu ya taɓa, a ware bokitin sabulu da na ɗauraye soso, a yi amfani da sabulun mota marar kaifi, a fara daga sama a ƙare da ƙasa, sannan a tsane da tawul mai laushin zare a inuwa.

Bisa ga wannan, amsar tambayar guga ita ce kalanda ba ta da hurumin yanke hukunci, halin fenti ne ke da shi. Guga mai kaushi na gyaran zane aiki ne na sau ɗaya ko sau biyu a rayuwar mota, guga mai laushi kuwa bai kamata ya wuce sau ɗaya a shekara ba, kuma motar da ake wankewa da kula za ta iya shekara biyu ko uku ba ta nemi inji ba. Ko a lokacin da aka yanke shawarar yi, ana farawa ne da mafi laushin mai da mafi laushin soso a ɗan wuri kaɗan, ba a ƙara kaushi sai an ga wannan bai wadatar ba, kuma ana rufe kaifafan gefuna da tef. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da bin sa har gindi zai cinye kiliyar da ke kewaye, don haka sai dai a tausasa gefensa a bar shi. Sau da yawa ma abin da mai mota ke ɗauka dushewa ce datti ne kawai da ya manne, wanda ake ji da kaushi idan aka shafa hannu bayan wanki, kuma wannan ana ɗauke shi da wata laka ta roba da aka ƙirƙiro a Japan, ana zamar da ita a kan ruwan sabulu, ba tare da an ci fenti a zo a gani ba. Masu sana'a sun kuma lura cewa kiliyar motocin Japan da yawa ta fi ta motocin Jamus laushi, wato tana saurin zanewa kuma tana saurin cinyewa a ƙarƙashin inji, abin lura ne a ƙasar da Toyota da Honda suka mamaye tituna.

Kaki kuwa, idan tsantsarsa ne marar garin guga, ba ya cin komai, don haka yawan shafa shi ba ya cutarwa, iyakar abin da za a yi asara shi ne kuɗi da lokaci, tun da fenti ba ya riƙe fiye da siririn shafi komai yawan abin da aka lafta. Karnauba ya kan yi wata biyu zuwa uku a ƙasashe masu sanyi, amma a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kuma bonet ɗin baƙar mota ke iya wuce digiri 70 a rana, ya fi dacewa a sa ran makonni huɗu zuwa takwas, musamman da yake abin da ke cikin gwangwani gauraye ne da mayuka masu saurin tashi. Ana gane ƙarewarsa idan ruwa ya daina dunƙulewa ya koma shimfiɗewa a jikin mota. Bayan karnauba an samu man rufi na haɗin sinadari mai kai wata huɗu zuwa shida, sannan a shekarun 2000 rufin siramik ya fito, wanda ruwa ne mai silika da ke daskarewa ya zama shafi na maikuron ɗaya ko biyu kuma ya kan shekara biyu ko fiye. Yana da amfani na gaske wajen hana datti mannewa, amma tallarsa ta wuce gona da iri, domin adadin 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne, ba ya nufin yashi ba zai zane shi ba, kuma duk wanda ya ɗora inji a kansa ya kankare kuɗinsa. Abin da ke tare tsakuwa da gaske shi ne ledar kariya mai kaurin kusan maikuron 200, wadda asalinta ta soja ce, an yi ta domin kāre fukafukan jirage masu saukar ungulu, sai dai tsadarta ta sa akasari gaban mota kawai ake rufewa.

Motar da aka sake wa feshi tana da hukunci na dabam, kuma irinta ba kaɗan ba ce a titunan Kano da Kaduna da Yamai. A masana'anta ana gasa fenti a zafin da ya kai kimanin digiri 140, kafin a ɗaura roba da waya da gilashi, don haka yana fitowa a nune, amma ɗakin gashin gareji bai cika wuce digiri 60 ba, wanda aka fesa a fili kuma iska ce kawai ke busar da shi. Irin wannan fenti yana ci gaba da fitar da sinadaran tsinkawa na tsawon makonni, kuma idan aka yi gaggawar rufe shi da kaki ko siramik za su iya maƙalewa a ciki su dushe shi, shi ya sa masu haɗa fenti ke ba da shawarar a jira kwana 30 zuwa 90, ana wanke shi da ruwa da sabulu mai laushi kaɗai. Ga sauran motoci kuwa, shekarar ƙasar nan da kanta ta tsara lokutan aikin. Farkon hunturu lokacin sabunta rufi ne domin ƙura ta samu abin zamewa a kai, tsakiyarsa ba lokacin inji ba ne tun da iska na zuba yashi tsakanin soso da fenti, kuma idan har guga ya zama dole to ya fi kyau a bari sai ƙura ta lafa, a yi shi a cikin rufaffen wuri a kan ƙarfe mai sanyi, a rufe da kaki ko man rufi a ranar, kafin ruwan farko na damina ya sauka.